Kududdufin Baban Kwaɗi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga wannan wata, Allah Ya karɓi ran malamina, wanda ya koyar da ilimin halittu a makarantarmu har ya yi furfura. Ɗalibai suna kiransa Baban Kwaɗi, shi kuma yana amsawa da fara'a.

Malam, ajinka na gaskiya shi ne kududdufin bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ranar da na fara aiki a ƙarƙashinka, ina ta ƙyamar taɓo, ka cire takalman robarka ka ba ni, ka shiga ruwan, ƙafarka ba takalmi. Ka ɗebo ruwa a kwalba ka nuna mini 'ya'yan sauro, da 'ya'yan mazari masu cinye su, da kwaɗin da ke jiran mazarin, da zalɓen da ke tsaye cikin ciyawa yana jiran kwaɗin. Ka ce kowane wuri yana da iyakar bakin da zai iya ciyarwa, kuma in aka taɓa mutum ɗaya a gidan nan sai kowa ya ji a jikinsa. Mutum kake ce musu, har kwaɗin.

Mun kuwa gani da idonmu. Shekarar da ka kwanta asibiti aka yi wa ruwan feshin maganin sauro. Kwaɗi da mazari suka mutu. Sauro, da yake shi ne mai saurin haihuwa, ya riga kowa dawowa, ya tarar babu mai cinsa, ɗakin kwanan ɗalibai ya cika da masu zazzaɓi. Da ka warke ba ka zagi kowa ba. Ka riƙa ɗauko ƙwan kwaɗi a bokiti daga rafin bayan gari, a bayan kekenka, har wurin ya farfaɗo.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Mataimakin shugaban makaranta ya daɗe yana son a mayar da wurin tafkin kiwon tarwaɗa, kai kuma kana hanawa, domin tarwaɗa ba ta barin komai da rai a ruwa ƙanƙani irin wannan. A rayuwarka ban taɓa jin ya yabe ka ba. Amma a wurin gaisuwa shi ya fi kowa yabonka, har da share ido. Washegari na hango shi a bakin kududdufin tare da wani mutum mai igiyar awo a hannu. Na ƙarasa na gaishe su, na tambayi ko lafiya.

"Lafiya lau, Malama," in ji mataimakin. "Karrama marigayi za mu yi. A share ciyawar nan, a zuba siminti a gefe, a sa fitilu, a kafa allo da sunansa."

Na ce, "Kifi fa?"

"Wannan sai kwamiti ya zauna."

Ba ni da hujja a hannu, kuma Allah Ya sani ba na son ɗaukar alhakin kowa. Sai dai mai awon nan yana kiran mataimakin da "Yaya", kuma zurfin ruwan ya fi auna, ba inda allo zai tsaya ba. Ni dai ban san me allon suna zai yi da zurfin ruwa ba. Ciyawar da za a share kuwa a cikinta kwaɗi ke zuba ƙwai, a cikinta zalɓe ke fakewa. Abin da suka kasa samu kana raye, ina tsoron da sunanka za su same shi, domin wa zai iya buɗe baki ya ce kada a karrama mamaci? Abin ya ci mini rai, Malam, kuma ina jin kewarka fiye da yadda zan iya rubutawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka tausaya wa ƙananan halittunSa, Allah Ya tausaya maka. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka da 'yan'uwanka da ɗalibanka, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Ke kuma Mama, matar malamina, Allah Ya sanyaya miki zuciya. Na ji an ce za su zo neman amincewarki, kuma ke za a ba almakashi ki buɗe wurin. Maganarki ce kaɗai ba za su iya tsallakewa ba. Idan ransu ya kafe a kan tarwaɗa, ba mu da ƙarfin hana su. Abu ɗaya nake roƙonki: ki ce musu su yi da sunansu, kada su sa nasa.