Ranar da Jika Ya Ɓata Zanen Inna

Na ga riba na ga faɗuwa a dillancin hatsi, yawancinsu ma na manta. Amma rashin lafiyar ɗana na fari, wannan kam da ita za a binne ni.

Tun da aka haife shi ba ya bayan gida yadda ya kamata. Cikinsa ya kumbura kamar an kife ƙwarya, ya sha nono ya amayar. Inna, mahaifiyata, ta ce basir ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Da abin ya ƙi, ta aika wa wanzami ya zo ya tsaga cikin. Ni kuwa a sana'ata ba na taya buhu sai na ga ƙwayar da ke ciki. Na ce a dakata.

"Kai ka haife shi, amma ni na haife ka," in ji ta.

"Haka ne, Inna. Ki ara mini shi zuwa birni. In sun kasa, ai wanzami bai yi ƙaura ba."

Daga ƙauyenmu na wajen Kunci muka kama hanya, ni da uwar yaron. A babban asibiti wata likita ta ɗebi ɗan mitsitsin nama daga ƙarshen hanjinsa, aka duba a na'ura. Da sakamako ya fito ta zaunar da ni.

"Alhaji, hanji ba rariya ba ce da abu ke gangarawa da kansa. Akwai ƙananan jijiyoyi a jikinsa masu ba shi umarni ya matsa ya tura. Ƙarshen hanjin ɗanka babu su. Kaya na zuwa nan sai ya tsaya."

Na ce, "Wato mota ta iso, babu 'yan dako."

Ta yi dariya, ta ce na gane. Sai ta faɗi mai nauyin. Za su fara buɗe masa ƙofa a gefen ciki inda bayan gida zai riƙa fita, in ya yi ƙwari su yanke wurin da babu jijiyoyin su haɗa. Uwarsa ta fashe da kuka. Ni dai na amince, aka yi aikin farko.

Da muka dawo gida Inna ta ɗaga rigarsa, ta daɗe tana kallo. "Ka hana wanzami 'yar tsaga, ka je an huda shi kamar tulu." Mata masu zuwa dubiya suka riƙa fita suna ƙus-ƙus. Abin bai dame ni ba, don ina ganin cikin ya saɓe, yaro yana ƙiba.

Da ya yi ƙwari muka koma aka yi aiki na biyu, aka rufe ƙofar, aka sallame mu. Wata safiya Inna na goye da shi tana tankaɗe, sai ta tsaya cik. Ta sauke shi, ta duba zanenta, sabo ne kuwa na zuwa biki. Ya ɓata shi sarai, ta hanyar da Allah ya yi wa kowa.

"Ja'iri, sai a sabon?" Tana faɗa hawaye na zuba. Ta ƙi wanke zanen sai da ta nuna wa maƙwabta.

Yanzu yana makaranta, ya fi kowa ci a gidan. Abin da na koya shi ne, ciwon da ba ka ga tushensa ba, kada ka yi saurin sa masa wuƙa, ko da mahaifiyarka ce ta kira mai wuƙar. Ka lallashe ta, ka je a duba.