Tarin Mashin ɗin Zakka

Duk wanda ya zauna a Nukkai zamanin da acaɓa ke tashe ya san rumfar Zacchaeus, can bakin titi kafin ka kai gada. Zakka ake ce masa, don ba mai lokacin murɗa harshe. Bakanike ne, amma kada ka kawo masa faci ko walda, harara za ka sha. Shi kafireto ya sani, wannan ɗan ƙarfen da ke gauraya mai da iska kafin inji ya sha. Zai kwance shi ya baje a kan murfin kwano, ya jiƙa cikin fetur, ya goge da tsohon buroshin haƙori. Sai ya zare silin waya daga tsohon kebul ɗin birki ya tsokane hujin jet, ɗan bututun da mai ke bi, ya sa baki ya hura, ya ɗaga wa rana. In ya ga haske ya ratsa, to aiki ya yi. Leɓensa bai taɓa rabuwa da ɗacin fetur ba, har matarsa Judith kan ce in ya kurɓi kunu ba mai shan saura.

To, ga abin dariya. Duk unguwar ba mashin mai mugunyar murya kamar na Zakka. Tsoho ne ja, tun kafin aurensu ya same shi. Tsabar tsokana da waya ta sa hujin jet ɗinsa ya buɗe, mai yana yi masa yawa, sai ya riƙa tari kamar tsohon da ya shaƙi taba. In Zakka ya iso ƙofar gida ya kashe shi, sai ya yi shiru kaɗan, sannan salansa, bututun hayaƙin nan, ta ce fam! Kaji su watse, jaririn maƙwabta ya tsala ihu.

"Kai kam, likitan mashin ɗin kowa, naka yana mutuwa da tari," in ji Judith.

"Gobe zan duba shi, Maman Hope."

Goben nan ba ta taɓa zuwa ba. Mutumin da ya wuni yana hura na wasu, ina ya ga sauran numfashin da zai hura nasa? Ita kuma Judith, duk mitarta, da tarin nan take sanin mijinta ya taso. Tun yana gangarowa daga titi za ta zuba ruwan wanka a bokiti, ta ɗebo na sha a kofin silba, ta tsaya a bakin ƙofa. Kafin fam ɗin ya tashi ta toshe kunne ɗaya tana dariya. A kan mashin ɗin suka riƙa zuwa Iware su ɗauro doya, a kansa suke zuwa coci tana riƙe da ɗankwalinta kada iska ta kwashe, a kansa ya kai ta asibiti ranar da ta haifi 'yarsu tilo, Hope.

Da aka hana acaɓa a Jalingo keke ya cika titi, aikin rumfa ya ja baya. Zakka ya koma wanke kafireton janareta. Jan mashin kuwa ya tura shi lungun tsakar gida ya rufe da buhuna, kaji suka mai da shi wurin kwana. Shekaru suka yi ta wucewa, gashin Zakka ya yi fari tas, bayansa ya ranƙwafa.

Ciwon Judith a hankali ya shigo. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Ta fito daga coci ta rasa hanyar gida, sai wata maƙwabciya ce ta riƙo hannunta. Ta fara kiran Hope da sunan Jemima, ƙanwarta da ta rasu tuntuni. A asibiti aka ce ciwon mantuwa ne na tsufa, sai haƙuri da kulawa. Zakka ya yi haƙurin, shi ke ba ta abinci, shi ke ɗaura mata takalmi. Amma ranar da ta dube shi tsakiyar ido ta ce, "Baba, wa kake nema?" ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Maman Hope, ni ne fa. Zakka."

"Haba Baba, ka ji tsoron Allah. Maigidana yana rumfa. In ya taso zan ji mashin."

Daga ranar, kullum rana ta yi sanyi sai ta ja benci bakin ƙofa ta zauna tana kasa kunne. Shi kuma ya zauna a ɗaya gefen bencin, tana ɗan matsawa don kunyar baƙo. Har duhu ya fara tana cewa, "Yau ma ya yi dare. Allah ya sa lafiya." Wani lokaci ta yi kuka, ta ce ko wata ya samu a gari. Wannan magana ita ke cin ran Zakka, mutumin da bai taɓa kwana a waje ba. Ba abin da yake so a duniya illa matar nan ta sake ganinsa ta san shi ne, ko sau ɗaya.

Wata safiya ya yaye buhunan da ke kan mashin. Hope, wadda ta baro gidan mijinta a Majidaɗi ta zo taya jinya, ta tsaya tana kallonsa.

"Baba, za ka wahalar da kanka a banza. Ba mashin ne ya ɓace mata ba."

"Ta ce za ta ji mashin. To bari ta ji."

Da ya kwance kafireton, kai, abin ba kyan gani. Tsohon man da ya kwana a ciki shekaru ya daskare ya zama danƙo kore mai wari. Robobin sun ƙeƙashe, allurar da ke tare mai ta maƙale. Zakka ya tafi wurin tsohon abokinsa Abdulmumin, mai sayar da kayan mashin kusa da rumfa, ya ce a ba shi komai sabo. A ransa ya ce mashin ɗin nan ya sha alkawarin gobe, yau zai cika masa. Ya jiƙa, ya goge, ya wanke tanki, ya canza fulogi da tiyo. Tsohon jet mai faɗin huji ya dube shi ya yi tsaki, ya jefa cikin shara. Ya ɗauki sabo ya hura, numfashin ma yanzu sai ya huta tsakani, ya ɗaga wa rana. Haske siriri kamar zare. Tun da yake bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Da yamma Abdulmumin ya taya shi tura mashin zuwa bakin layi. Bugu ɗaya ya tashi. Murya lafiya lau, sumul, ko gargada babu. Zakka ya hau kamar saurayi mai zuwa zance, ya gangaro a hankali har ƙofar gida, ya kashe. Shiru. Judith tana kan benci, ko kai ba ta ɗaga ba. Da ya matso ta ce, "Baba, ka kau da abin nan daga hanya, maigidana zai ajiye nasa a nan."

Zakka ya tsaya riƙe da kan mashin. Abdulmumin ya iso yana haki, ya dafa shi.

"Zakka, ni ma da ban gan ka a kai ba, ba zan ce naka ne ba. Ina tarin? Ina harbin? Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta."

Wayyo Zakka! Ya gyara abin da ba a ce ya gyara ba. Ya koma ya tone shara neman tsohon jet, ashe Hope ta kwashe ta zubar tun da rana. Ya bi bola yana tonawa da sanda har mutane suka fara kallonsa. Ina za ka ga ƙarfen da bai kai ƙwayar wake ba?

Saura hanya ɗaya, kuma ita ce abin da ya yi rayuwarsa yana zagin bakanikan banza a kai. Ya zauna da sabon jet da silin waya, ya shiga ɓata shi da hannunsa. Ya murza kaɗan, ya ɗaura, ya tayar, ya saurara, ya kwance. Ya sake murzawa. Na farko ya wuce gona da iri, mai ya shaƙe injin ya ƙi tashi sam. Abdulmumin ya kawo masa wani jet ɗin. Kwana da kwanaki Zakka yana tsugune a bayan rumfa, ido rufe, kai a karkace, yana neman muryar da ya yi shekaru yana jin kunyarta. Yatsunsa suka tsattsage, ƙirjinsa ya riƙa zafi don hayaƙi. Ran nan da hantsi injin ya yi tari sau biyu, ya yi gargada. Zakka ya kashe shi ya riƙe numfashi. Fam! Akuyar da ke kiwo kusa ta zabura. Tsoho ya zauna a ƙasa yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

La'asar sakaliya ya gangaro layin. Tun daga nesa ya hango Judith ta miƙe zumbur daga benci. Ta shige gida da sauri irin wanda Hope ta ce rabonta da gani tun kafin ciwon, tana kira, "Jemima, sa ruwa a bokiti, ya dawo!" Ta fito da kofin silba, ta gyara ɗankwali, ta toshe kunne ɗaya. Fuskarta duk ta washe. Ya tsaya, ya kashe. Fam! Ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar nan tata ta da.

Zakka ya sauko. Ta dubi mashin, ta dube shi, ta leƙa bayansa, ta dubi layin har ƙarshe. Dariyar ta ragu a hankali.

"Baba, kai ya ba mashin ɗin ka kawo masa? Shi yana ina?"

Hope da ke bakin ƙofa ta sa zane ta rufe baki. Zakka ya buɗe baki zai ce ni ne, sai ya ga yadda idonta ke haske, ya san in ya faɗa za ta ce ƙarya yake, hasken ya mutu. Ya haɗiye maganar da ƙyar.

"Yana nan tafe, Maman Hope. Ya ce in gaya miki lafiyarsa ƙalau, kuma ba shi da kowa a garin nan sai ke."

"Na sani," ta ce, tana murmushi ƙasa-ƙasa. "Mita ce kawai nake yi." Ta miƙa masa kofin. "Sha, Baba, ka sha hanya. In ya zo na ɗebo masa wani."

Ya karɓa da hannu biyu ya shanye.

Har Judith ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, mutanen Nukkai sun saba ganin Zakka da yamma yana tura jan mashin zuwa bakin layi, ya tayar, ya gangaro. Kullum ta fito da kofi, kullum ta tambaye shi ina mai mashin ɗin. Ba ta sake kuka a kan benci ba. Ba ta kuma sake kiransa Zakka ba.