Yadda Aka Mai da Ni Ɓarauniyar Zanen da Na Ƙirƙira

Lokacin da abin nan ya faru ina matar aure mai 'ya'ya biyu a Ƙofar Kibo, cikin birnin Zariya, a tsakiyar shekarun saba'in. Sana'ata ɗinkin hula, kuma ba yabon kai ba, a unguwarmu babu wadda ta fi ni iya riƙe allura. Yadda ake yi a lokacin, dillaliya ce ke kai ƙyallen hula wurin mai zane ya zana shi da tawada, sannan ta raba mana a gidaje mu bi layin da zare. Zane aikin maza ne. Ni kuwa na gaji da cike zanen wani, kullum abu ɗaya. Wata rana na ɗauki tsinke da tawada na zana nawa. Daga adon da mahaifiyata ke yi wa faifai a ƙauyenmu na samo shi, na lanƙwasa shi ya zagaye hula, na ɗinka wa maigidana.

Ranar Juma'a ya sa ta ya tafi masallaci. Ya dawo yana fara'a, ya ce mutane sun yi ta tambayarsa inda ya samo ta, murmushi kawai ya yi musu, sai ya ji ta bakina. Na ce masa sam, yaya za a riƙa ambaton matar aure a bakin masallaci da kasuwa, ya ce musu saya ya yi. Ya ce ai wannan ƙarya ce. Na nace har ya yarda, kuma haka ya faɗa wa duk wanda ya tambaya, har da dattawan da ke zama a zauren mai unguwa. Ina ganin na tsare mutuncina ke nan.

Ba a jima ba mai zanen unguwarmu ya ari hular, wai zai duba ɗinkin. Kafin wata ya zagayo zanen ya cika gari, har ɗaliban jami'a da ke unguwar Kongo suna shigowa birni neman sa, kuma da sunan mai zanen ake kiran hular. Abin ya ci mini rai, amma na ce ai hannuna bai mutu ba, na ci gaba da zana nawa ina ɗinkawa. Sai ga dillaliya ta zo, ta zauna tana ta kame-kame, ta ce in yi haƙuri, mai zane ya ce ina satar masa zane, kuma in ta sake karɓar hulata ba zai ƙara zana mata ko ɗaya ba. Ta ajiye mini hulunana ta tafi. A gidan suna na ji mata na raɗa cewa ga wadda ke kwaikwayon aikin mutane. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Maigidana ya fusata, ya je zauren mai unguwa ya ce zanen na iyalinsa ne. Wani dattijo ya tambaye shi a hankali, ba shi ne a nan wurin ya ce saya ya yi ba, to wacce za su ɗauka, ta jiya ko ta yau? Magana zarar bunu ce. Ya dawo gida ko abinci bai iya ci ba. Na duba na ga in na matsa, mutumin da ya yi mini abin da na roƙa za a kira maƙaryaci a unguwar da aka haife shi. Na ce masa a bar maganar, na bar wa mai zanen.

Ban daina aiki ba. Na ƙirƙiro wasu zanuka, kuma kowace hula za ta fita sai na ce a faɗi gidan da ta fito, a kuma faɗi inda na samo adon in daga wani na gani. Dillaliyar da ƙafarta ta dawo. Amma zanen farkon nan ya riga ya tafi. Bayan shekaru babban ɗana ya sayo irin hular da albashinsa na farko, ya kawo mini yana yaba gwanintar wanda ya ƙirƙiro ta, ya ce da ma in gwada irinta. Na juya ta a hannuna na ce masa ta yi kyau.

Shi ya sa nake jan kunnen duk mai sana'ar hannu, musamman 'yan'uwana mata. Kunya ado ce, amma kunyar mara kunya asara ce. In kin yi abu, a san ke kika yi tun ranar farko, kada ki sa wani ya ɓoye miki, don ranar da za ki nemi shaida shi ma bakinsa a ɗaure yake. Wanda kuma ya ari aikin wani, ya ji tsoron Allah ya faɗi mai shi. Ni na yafe wa mai zanen, amma har yau in na ga hular a kan mutum, kau da kai nake yi.