Fistan a Cikin Hankici

Tun safe makaniken yake satar kallon baƙon da ke tsaye a bakin gareji. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, hannayensa kuwa na riƙe biro ne, ba sifana ba. Me ya haɗa irin wannan da motar tseren da ya kawo gyara? Ko waya ba ya dubawa, idonsa na kan injin da aka kwance.

Makaniken ya zaro fistan ɗaya ya juya shi a haske. Gefensa duk ya kakkarce, kansa ya narke. Haushi ya kama shi.

"Malam, wanda ya haɗa injin nan gwani ne. Amma wane marar imani ne ya taka masa totur haka? Sabon haɗi ai lallaɓa shi ake yi kamar jariri."

"Ni ne," in ji baƙon. "Ƙanena ne ya haɗa shi, ciwo ya kwantar da shi kafin ya tayar. Ya ce yana so ya ji kukansa. Na turo motar gindin tagarsa, ina takawa yana cewa in ƙara."

Makaniken bai tambayi jikin ƙanen ba, fuskar mutumin ta riga ta ba shi amsa. Ya nufi tulin tsofaffin ƙarafa zai yar da fistan ɗin, jiki a sanyaye.

"Kawo shi nan, Oga," in ji baƙon.

Baƙon ya shimfiɗa farin hankici a tafinsa, ya naɗe fistan ɗin da baƙin mansa, a hankali, kamar mai gudun kada ya tashe shi daga barci.