Goyon Kwaɗo

Na bar makarantar allo a Salaga ban kai izu goma ba. Baba ya ce kar in dawo gidansa sai da sana'a a hannu. Na yi dakon goro, na gaji. Na bi jakai har Yendi, nan wani tsohon wanzami ya ce mini namijin kwaɗo maganin maza ne: a busar, a daka, a kwaɓa da man kaɗanya. Na ce to, ga sana'a.

Da ruwan farko ya sauka, kududdufin bayan zango ya cika da kwaɗi bibbiyu, ƙarami ya ɗafe bayan babba. Rago ya fi tunkiya, zakara ya fi kaza, sai na ce miji ne ya goya matarsa. Na riƙa fizge ƙananan ina yarwa. Manyan na kyafe, buhu guda.

Ranar kasuwar Bawku na shimfiɗa tabarma ina kiran maza. Dillalan shanu suka taru. Kusa da ni akwai wata tsohuwa Bakusasa, 'yar ƙabilar yankin, mai sayar da kwaɗin miya. Ta ɗauki ɗaya nawa ta ɓare. Ƙwai baƙi cike da ciki.

"Ɗan Salaga, naka duka mata ne."

"Iya, ki kula da miyarki."

Ba ta ji ba. Ta zaro ɗanye ƙarami daga ƙwaryarta, ta ce ga namijin, ta nuna mana baƙin maƙogwaronsa, da wata kanta mai kauri a babban yatsansa, abin da yake riƙe mace da shi. Ta tsaga cikin da wuƙa. Can jikin gadon baya ga wasu abubuwa biyu kamar wake, kitse rawaya a kansu.

"Kayansa ke nan. Waje ba komai. Mace na zuba ƙwai a ruwa, shi ya zuba nasa bisa. Ya ƙare."

Wani dillali ya juya kwaɗon, ya duba da kyau. "Malam, ko namijin ka kawo, me zai ba mu? Shi ma nema yake."

Aka yi dariya aka watse. Tsohuwar ta karɓi buhun, ta ba ni tuwo da gero mudu biyu. Ban koma Salaga ba shekarar nan. Washegari na bi masu fata zuwa Pusiga.