Donat Vachon da Igiyar Mahaifinsa

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Donat Vachon a gidansa da ke ƙarshen ƙauyenmu, yana da shekara saba'in da takwas. Daga Allah muka fito, kuma ba wanda zai kwana a hanya. Ƙanwata Fernande, matarsa, ita ce ta kira ni. Ta ce ya karya kumallo, ya sa takalmi ɗaya, ya sunkuya zai sa ɗayan, shi ke nan. Na tambaye ta ina zai je da takalmi. Ta ce ina kuwa zai je, in ba wajen itatuwansa ba?

Donat, mutuwa ma ta san inda za ta taɓa ka. Ta bari sai tsakiyar kakar maɗi, lokacin da kowane tudu a ƙasar Beauce yake fitar da tururi, kowa yana tafasa ruwan itacen mapul ɗinsa. Bukkarka kaɗai ce ba hayaƙi, kamar bara, kamar bara waccan.

Shekara arba'in ka yi kana dafa wa mutane nasu. Duk wanda ya yi baƙi, ko bayansa ya riƙe, ko ɗansa ya tafi birni ya bar shi da kasko, kai ake aika wa. Ba ka taɓa riƙe ma'aunin zafi ba. Ludayi kawai kake tsomawa ka ɗaga, ka dubi yadda maɗin yake saukowa, ka ce a janye wuta. Bokiti arba'in na ruwa ake ƙonawa kafin a sami ɗaya na maɗi, kuma a minti biyun ƙarshe ake yin asarar duka. Ban taɓa jin an ce ya ƙone a hannunka ba. In an gama, a ba ka gwangwani biyu ka kai wa Fernande, ka yi godiya kamar kai aka yi wa aikin.

Ni kuma ina da nawa da ba zan manta ba. Shekarar da matata Simone ta rasu, na rufe ƙofa na daina fita. Kullum da safe sai in ji ƙarar shebur. Kai ne kake kwashe ƙanƙarar da ta toshe mini ƙofa. Ka gama ka shigo ba sallama, ka zauna, ka ce kofin da nake dafawa ko kare ba zai sha ba, sannan ka sha kofi biyu. Ba ka taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Haka ka yi har sanyi ya wuce, ranar da ka same ni na riga ka kwashe ƙanƙarar kuma, ka juya ka tafi, ba ka sake zuwa da safe ba.

Yaran yanzu sun san ka ne da tsohon nan mai bukkar da ba a dafa komai a cikinta. Bari in gaya musu asalin abin.

Mahaifinka, tsoho Philias, yana da dajin mapul mai itace dubu biyu a kan tudun gabas. Ya rasu kana ɗan shekara goma sha uku, lokacin aikinka bai wuce jan doki da ɗiban faskare ba. Huda itace don a tsiyayi ruwansa kuwa aikinsa ne shi da babbar 'yarsa, yayarka Laurette. Mahaifiyarku ta ba da dajin haya shekara da shekaru, har shekarar da ka auri ƙanwata aka sayar da shi. Laurette ce ta shawo kan tsohuwar ta sa hannu. Daga ranar ba ka sake yi mata magana ba. Ta yi aure can Abitibi, tafiyar yini guda a mota, kai kuma ka ce ko da maƙwabtaka kuke, nisan ɗaya ne.

Abu biyu ka ɗauko daga dajin ranar da za a miƙa shi. Ka tono 'yan itatuwa goma sha tara, ba wanda ya kai gwiwarka, ka dasa a filin da ke baya da gidanku. Goma sha bakwai suka rayu. Sannan ka zare igiyar awon mahaifinka daga ƙusar da take rataye. Tsohuwar igiya ce, hayaƙi ya baƙanta ta, duk ƙulle-ƙulle. Ka ga yadda yake yi da ita: ya naɗa ta a jikin itace daidai ƙirjinsa. In ta zagaye ta haɗu, itacen yaro ne, a bar shi. Sai ranar da ta kasa haɗuwa ake huda shi a rataya bokiti.

Kowace shekara, Lahadin farko ta Nuwamba, bayan an taso daga coci, sai ka fito da ita. Ni ne shaida, ni ne kuma mai tsiya. Mu bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ka naɗa, bakin igiya ya haɗu, ka jinjina kai mu wuce.

Da ka bar aiki a injin yankan katako, kana da sittin da biyar, sai ka ce gara bukka ta jira itace da itace ya jira bukka. Rani uku ka yi kana gini. Katakon daga wani tsohon rumbun ciyawa da ya rushe ka kwaso shi, ka zare ƙusoshin ɗaya-ɗaya ka miƙar da su a kan dutse. Murhun bulo ka rushe shi sau biyu don bai yi maka ba. Kaskon kuwa, mai faɗi kamar gadon mutum ɗaya, wajen wani tsoho da ya bar sana'ar ka samo shi, ka yi mako kana goge shi har mutum yana ganin fuskarsa. A tsakiyar rufin ka yi tagogin fitar tururi, da igiyar da za a ja daga ƙasa su buɗe. Gudummawata ita ce ƙofa, na kuwa kafa ta a juye, tana buɗewa waje, inda ƙanƙara za ta danne ta. Ka dube ta ka ce yanzu ka gane dalilin da ya sa Fernande ba ta cika ambaton tana da wa ba. Fernande ta ɗinka labule. Fada, limamin cocinmu, ya zo ya sa albarka, ka soke reshen dabinon da aka raba a coci a saman ƙofa. Faskare ka jera shi har rufi.

Shekara goma bukkar nan tana tsaye, komai a shirye, ashana kaɗai ta rage.

Ba wanda bai yi maka magana ba. Malamin gona ya zo ya auna da abin awonsa, ya ce itatuwan nan sun isa tun tuni. Ka ce shi ya san littafi, Baba ya san itace. 'Yarka Marjolaine ta ce ko guda ɗaya ka huda, jikokinka su lashi maɗin kakansu a kan ƙanƙara kamar yadda yara suke yi. Ka ce wanda ya huda yaro ya sha zaƙin shekara ɗaya ne, ya kashe na shekara ɗari. Ni ma na ce maka, "Donat, itatuwan nan sun fi ni kauri, ni kuwa ba siriri ba ne. Ka huda su mu sha tun muna da haƙoran da zaƙi zai ɓata."

Ka ce, "Igiya ba ta yarda ba."

A Nuwamban da ya wuce, babban cikinsu, wanda ke kusa da shinge, saura yatsa biyu igiya ta kasa haɗuwa. Ka ce mini, "Shekara biyu, Rosaire. Kada ka kuskura ka mutu kafin nan, ba ni da wani mai ɗaukar bokiti."

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Na yarda da maganar har makon jiya.

Ranar da aka buɗe akwatin gawarka don jama'a su yi ban kwana, Fernande ta naɗa maka igiyar a hannu tare da carbinka. Can da rana sai ga wata tsohuwa a keken guragu, ɗanta yana tura ta. Ban gane ta ba sai da ta yi magana, don muryar mahaifiyarku ce sak. Laurette ce, shekara tamanin da bakwai. Ta daɗe tana kallon fuskarka. Sai idonta ya sauka a hannunka. Ta tambaya ko igiyar Baba ce wannan. Fernande ta ce ita ce, ta ba ta labarin itatuwa da bukka da awon Nuwamba, har da saura yatsa biyun.

Laurette ta miƙa hannu ta taɓa wani ƙulli da ke wajen tsakiyar igiyar.

Ta ce, "Da wane ƙulli yake awon?"

Na ce da ƙarshen igiya mana.

Ta ce, "Ƙarshen igiya na bokiti biyu ne. Sai itacen da ya tsufa, wanda zai ɗauki huda biyu. Bokitin farko, wannan ƙullin ne."

Ni na san ƙullin nan. Shekara da shekaru ina ganinsa yana wucewa a ƙarƙashin babban yatsanka. Na taɓa tambayarka sau ɗaya, ka ce wata rana ce igiyar ta tsinke aka ɗaura, ni kuma ban ƙara tunani ba. A tsaye a wurin na auna a raina: itatuwan nan sun wuce ƙullin tsakiya tun kafin ka aza bulo na farko. Wasu tun kafin Marjolaine ta yi aure.

Laurette ta ce ina ma da ka tambaye ta. Can kuma ta ce ina ma da ita ta rubuto maka. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba wadda take da amfani.

Washegarin jana'iza Fernande ta ce in zo in huda su. Na ce mata lokaci ya ƙure. Ruwa ba ya gudu sai dare ya daskare rana ta narke, ga shi kwana huɗu dare bai daskare ba, itatuwa sun fara kumburo toho. Ta ce ta sani, ita ma a ƙasar nan aka haife ta, in huda kawai. Na huda goma sha bakwai, na rataya bokitanka sababbi ful. Kwana uku muka tara abin da bai kai bokiti biyar ba, shi ma ya yi gurɓi-gurɓi kamar ruwan wankin shinkafa. Ko gindin babban kaskonka ba zai rufe ba, sai tukunya muka ɗora a bakin murhun.

Ina so ka sani, Donat, murhunka ba shi da aibi. Ashana ɗaya ya kama. Hayaƙi ya miƙe ta bututu, ko kaɗan bai dawo ciki ba. Na ja igiyar rufi, tagogi suka buɗe ba ƙara. Faskaren shekara goma ya ci kamar takarda. Sai dai warin da ya cika bukkar ba ƙamshin da ka sani ba ne. Ruwan toho ne, wanda masu maɗi suke zubarwa su wanke kasko su rufe shekara.

Rabin kofi muka samu, baƙi, mai yauƙi. Fernande ta tsoma cokali ta lasa. Ta daɗe da shi a baki kafin ta haɗiye.

Ta ce, "Gara da ba ya nan. Da ya ɗanɗana wannan, cewa zai yi igiya ce ta yi gaskiya."

Na so in ce mata baɗi za mu huda da wuri, amma ban iya yi mata ƙarya a bukkarka ba. Marjolaine za ta tafi da ita birnin Lévis kafin sanyi ya dawo, don ba za ta iya gidan ita kaɗai ba. An riga an kafa allon sayar da gidan. Mutanen farko da suka zo dubawa, mata da miji, na gan su ta taga suna auna filin baya da taku, mijin yana nuna inda zai ajiye manyan motocinsa. Bai ɗaga kai ya dubi itatuwan ba. Ni kuma tamanin da ɗaya gare ni, hudar goma sha bakwai ɗin nan ma kwana biyu na yi ina jinyar kafaɗa. Wuta ɗaya bukkarka ta gani, kuma ina jin ita ce ta ƙarshe.

Allah ya jiƙanka, Donat, ya gafarta maka kurakuranka, har da taurin kan da muka sha fama da shi. Ya karɓi duk safiyar da ka kwashe ƙanƙara a ƙofar wani, da duk kaskon da ka tsaya a kansa ba naka ba. Ya haskaka makwancinka, ya ba ka hutun da ba a jiran komai a cikinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwata Fernande, wadda ta yi shekara hamsin tana jira tare da kai ba ta taɓa ɓoye igiyar ba, da Marjolaine da 'ya'yanta. Ina kuma miƙa ta ga Laurette, wadda ta koma Abitibi da nauyin da ya fi wanda ta zo da shi. Allah ya sanyaya mata, ya ba mu haƙuri duka, ya kyautata ƙarshenmu in tamu ta zo.

Rosaire Doyon