Kwatancen Hanyar Kademi

Rabin rayuwata na yi shi ina rubuta wa kwamfuta umarni a garuruwan mutane. Na fara da yaren kwamfuta na Fortran a Legas, na koma COBOL a Khartoum, na tsufa da Java a Dakar. A hanya na tsinci Larabci da Faransanci, ban da Fulatancin da na koya a bakin mahaifiyata. Da na ajiye aiki na dawo Gaya, ba mai tambayata komai game da kwamfuta, sai dai ko ina da cajar waya ta aro.

Jikana ne kaɗai ya gaji sana'ar. A Abuja ya tashi. Shi da abokansa suka ƙera wani tsari da masu rubuta manhaja ke ɗora aikinsu a kai, don aika wa manoma saƙon farashin gyaɗa ta waya. Ya kama shago a Ajingi, ya ɗauki wata yarinya 'yar garin aikin gwaji na wata ɗaya.

Wata Juma'a da damina ya zo gaishe ni, fuska a murtuke.

"Tsoho, yarinyar nan ba za ta iya ba. Sati uku, ko shafi ɗaya ba ta tayar ba. Ƙarshen wata zan sallame ta."

"Da wane yare ta zo?"

"Java. Mu da Python muke aiki. Ai na ba ta littafin bayanin tsarin, ni da kaina na rubuta shi."

Na ce ya nuna min. Na sa tabarau na karanta. Layin farko ya ce a ajiye fayil inda aka saba. Na biyu ya ce a tayar da shi kamar kullum. Nan da nan na gane ciwon yarinyar. Mai Java ya saba sai ya yi wa kowane abu rajista kafin ya motsa. Tsarin jikana kuwa da sunan fayil kawai yake gane komai, kuma babu inda littafin ya faɗi haka. Tana can tana neman wurin rajistar da ba a taɓa ginawa ba. Irinta ta taɓa samuna a Khartoum, na yi kwanaki ina zargin kaina da daƙiƙanci, sai wani dattijo da ya san Fortran ya zauna ya nuna min wuraren da sabona zai yaudare ni.

Na faɗa wa jikana haka. Ya yi dariya.

"Zamaninku na ba kwamfuta umarni da kati mai huda ya wuce, tsoho. Duk mai kai zai gane wannan."

Na ce to, Allah ya taimaka.

Ranar Lahadi ana suna a Kademi, gidan ɗan ƙanwata, kuma jikana bai taɓa zuwa ba. Na ce ni zan riga shi tafiya, amma ga kwatance. Na rubuta masa a takarda da hannuna: in ka fita daga Gaya ka bi hanyar da aka saba. In ka kai inda tsamiyar nan take a da, ka karya dama. Ka wuce gonar marigayi. Gidan na kusa da tsohuwar rijiya.

Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Sai dai an sare tsamiyar tun kafin a haifi ubansa, rijiyar an daɗe da cike ta, marigayai masu gona kuwa ba su ƙirguwa.

Ana raba goro wayata ta yi ƙara.

"Tsoho, wace tsamiya?"

"Wadda kowa ya sani."

"Ba na ganin wata tsamiya."

"Ai na rubuta maka, a da take nan. Ka sake karantawa a hankali."

Kiransa na uku ban ɗauka ba, hannuna na cikin waina.

Sai bayan azahar ya iso, wandonsa da babur duk taɓo. An yanka rago, an yi addu'a, an watse. Ya tsaya a kaina yana huci.

"Wannan kwatance ne? Sai wanda ya riga ya san gidan ne zai gane shi."

"Duk mai kai zai gane," na ce, na miƙa masa buta.

Ya tsaya riƙe da butar, yana kallona. Ƙanwata ta leƙo, cikin wasan kaka da jika ta ce wa ya taɓa mata miji. Can ya zauna a tabarma ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, tsoho." Sannan ya tambaya ko akwai sauran nama.

Bai sallami yarinyar ba. Da ya zauna da ita, ashe ta cika littafin rubutu guda da duk inda ta yi tuntuɓe: a Java haka nake yi, a nan fa? Kunya ce ta hana ta nuna masa. Ya ce ta mayar da shi babi na musamman a littafin bayanin, don baƙin da suka zo daga wasu yarukan.

Da ta gama, ran kasuwar Ajingi suka kira ni in gwada babin, tunda ni ma baƙo ne. Na zauna gaban kwamfuta ina ji da kaina. Shafin farko ya wuce lafiya. A na biyu na maƙale, na ce ga gyara nan, wannan wurin bai fito ba.

Ta leƙo ta duba, ta sunkuyar da kai.

"Baba, nan kam ba laifin littafin ba ne. Kun tsallake layi biyu."